Duwatsun da Suka Juya Garke: Sharhi kan Tsoffin Gine-ginen Farautar Karibu a Arewacin Duniya

A tsakiyar Tafkin Huron, ɗaya daga cikin manyan tafkunan da suka raba Amurka da Kanada, akwai wani wuri mai nisan kilomita 56 daga garin Alpena na jihar Mishigan, inda mai nutso zai sauka zurfin mita 37 kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Abin da zai tarar a can shi ne jeri biyu na duwatsu da suka miƙe kafaɗa da kafaɗa, da fili mai faɗin mita 8 a tsakaninsu, tsawonsu kuma mita 30, har suka tuƙe a wani lungu da tarin duwatsu na asali ya toshe. A jikin jerin an gina zagayayyun maɓoya guda uku, irin waɗanda maharbi zai durƙusa a ciki ba tare da an hango shi ba. Masana daga Jami'ar Mishigan, ƙarƙashin jagorancin John O'Shea, sun bayyana wannan wuri ga duniya a 2014, suka sa masa suna Drop 45, suka kuma ƙiyasta cewa ya kai shekara 9,000. A fahimtarsu, mutane ne suka jera duwatsun a zamanin da wurin yake busasshiyar ƙasa, domin su kora garken karibu, wata dabba dangin barewa, zuwa bakin mashi.

Abin da ya fi ɗaure kai game da irin waɗannan gine-gine, a duk inda aka same su daga Alaska zuwa Girinlan har zuwa Nowe, shi ne gajartarsu. Da wuya su wuce gwiwa ko ƙugun mutum, wasu ma ba katanga ba ce ɗungurungum, tsibi-tsibin duwatsu ne da aka ajiye nan da can da tazara mai faɗi a tsakani. Dabbar da ke ƙetare manyan koguna da iyo, take kuma tafiyar ɗaruruwan kilomita a kowace shekara, ba za ta rasa ƙarfin tsallake dutsen da ɗan akuya zai haye ba. Saboda haka ƙarfin ginin ba a tsayinsa yake ba. Yana cikin sanin da maginan suka yi wa halin dabbar, kuma wanda bai fara da dabbar ba, duwatsun ba za su gaya masa komai ba.

Karibu dabba ce dangin barewa, ta fi barewa girma nesa ba kusa ba amma ba ta kai gwanki ba, ƙahonta kuma mai rassa ne kamar busasshiyar bishiya, kuma mace da namiji duka suna da shi. Sunan ya samo asali ne daga harshen Mi'kmaq na gabashin Kanada, inda yake nufin mai tonon dusar ƙanƙara, domin da kofato take tone ƙanƙarar ta kai ga gansakukar da take ci a hunturu. Mutanen Inuit, 'yan asalin arewacin Kanada da Alaska da Girinlan, suna ce mata tuktu. Ita ce kuma dabbar da ake kiwo a arewacin Turai da Saibiriya, inda aka san ta da wani suna dabam. Manyan garkunanta suna tashi sau biyu a shekara: idan ƙanƙara ta fara narkewa, matan masu ciki su ja gaba zuwa arewa inda suke haihuwa, idan kaka ta yi kuma garken ya juyo kudu zuwa gefen dazuzzuka. Hancinta yana da kaifi ƙwarai, amma idonta ya fi kama motsi fiye da siffa, ta yadda abu a tsaye a kan tudu, in dai ya yi kama da mutum, ba ta tantance shi daga nesa. Sai kuma halin da duk farautar ta rataya a kansa: idan karibu ta ci karo da wani abu mai tsawo a kan hanyarta, ko gaɓar tafki ce, ko kunyar tsakuwa, ko layin duwatsu, ta fi son ta bi gefensa da ta tsallake shi, musamman in ba a firgita ta sosai ba. Wadda ke gaba ta bi layin, na baya su bi ta.

Mun san yadda ake sarrafa wannan hali domin an ga masu yin sa da ido. Diamond Jenness, masanin al'adu ɗan ƙasar Niyu Zilan, ya zauna da Inuit na yankin tsibirin Biktoriya a arewacin Kanada tsakanin 1914 da 1916, ya yi watanni yana yawon farauta tare da iyalin da suka karɓe shi kamar ɗansu, kuma ya bayyana tsarin dalla-dalla. Idan an hango garke yana kiwo a kwari, sai a duba inda iska take kaɗawa, a zaɓi mashiga tsakanin tudu da tafki, a tayar da duwatsu a jere, a ɗora wa kowanne ɓangaren ƙasa mai ciyawa a ka, har daga nesa ya yi kama da kan mutum mai leƙe. Irin wannan dutse shi ne inuksuk, jam'insa inuksuit, ma'anarsa abin da ke tsayawa a madadin mutum, kuma duk wanda ya taɓa kafa mutum-mutumi a gona don korar tsuntsaye ya riga ya fahimci rabin dabarar. A inda layuka biyun suka kusanci juna, maza su haƙa ramuka marasa zurfi, su kare gabansu da 'yan duwatsu, su kwanta rubda-ciki da kwari da baka. Mata da yara kuma su zagaya ta bayan garken, su fara kukan kyarkeci. Kukan ba ya wuce kima, domin in garken ya firgita ainun zai watse ya keta layin, in kuma bai damu ba zai ci gaba da kiwonsa. Abin da ake nema shi ne dabbar ta tsargu, ta fara sassarfa, ta ga mutane a dama da hagu alhali duwatsu ne, ta zaɓi buɗaɗɗiyar hanya ɗaya da aka bar mata.

A nan ne hikimar take, a ganina, kuma ba ta tsaya ga wayon farauta kawai ba. Al'ummar da ba ta wuce iyalai kaɗan ba tana bukatar mutum hamsin ko ɗari don ta kewaye garke, ba ta kuma da su, sai ta mai da duwatsu mutane. Tsohuwa da yaro ɗan shekara bakwai, waɗanda ba za su iya bin dabba da gudu ba, sun zama ma'aikata masu muhimmanci kamar maharbin kansa. Aikin da aka yi bana na ɗauko dutse a tayar da shi zai yi amfani baɗi da baɗin baɗaɗa, sai dai a gyara wanda ya faɗi a sabunta ƙasar da ke kansa. Mutanen da ake yawan kwatantawa da masu yawo marasa matsuguni sun kasance suna zuba jari a ƙasa, suna komawa wuri ɗaya tsara bayan tsara, suna gadon layin dutse kamar yadda ake gadon gona.

Dalilin da ya sa aka ɗauki wannan wahala shi ne ajalin da shekara take gindayawa. Naman karibu abinci ne, amma fatarta ita ce rai. Gashinta kowane sili yana da rami a ciki mai riƙe iska, kuma kayan hunturu na Inuit riga biyu ne, ta ciki gashin yana fuskantar jiki, ta waje yana fuskantar iska. Fatar da ta dace da ɗinki ana samunta ne a ƙarshen lokacin ɗumi zuwa farkon kaka, lokacin da ramukan da tsutsar ƙuda ta huda suka warke, gashin kuma bai yi kaurin da zai hana sarrafa shi ba. A wannan ɗan tsakanin ne kuma dabbar take da kitse, wanda jiki ba ya jure sanyin can in babu shi. Jijiyar bayanta zare ce, ƙahonta da ƙashinta kayan aiki ne. Iyali na bukatar fatu masu yawa cikin makonni kaɗan, kuma maharbi ɗaya mai laɓe da baka yana kashe ɗaya garken ya tsere ba zai tara su ba. Naman da ya yi saura ana shanya shi ko a binne shi ƙarƙashin tarin duwatsu, rumbun da dila da kyarkeci ba sa iya buɗewa, kuma irin waɗannan rumbuna ana samunsu kusa da layukan farauta a wurare da yawa.

Ba ko'ina ne layin yake ƙarewa a gaban maharba ba. Wuri mafi albarka shi ne ruwa. Gashin nan mai rami yana sa karibu ta taso sama idan tana iyo, ba ta iya gudu, ba ta iya kare kanta, kuma in an soke ta ba ta nutsewa. Mutum ɗaya a cikin siririn kwale-kwalen fata da ake kira kayak, da mashi a hannu, yana iya samun abin da ba zai samu a tudu cikin mako guda ba. A ƙasan kogin Kazan na yankin Nunabut, wurin da garke ke ƙetarewa a kaka ya zama cibiyar rayuwar Inuit na cikin ƙasa, har gwamnatin Kanada ta sanya shi cikin wuraren tarihin ƙasa a 1995. A yammacin Girinlan kuma, a Aasivissuit, akwai layin inuksuit mai tsawon kilomita 3.9, mafi tsawo da aka sani a tsibirin, wanda ke kora dabbobi zuwa tafki da maɓoyan maharba, kuma yankin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2018. Inda ake da itace, itace aka yi amfani da shi: mutanen Gwich'in na Yukon da Alaska sun gina dogayen shingaye na katako masu ƙarewa a garka cike da tarkon igiya. A tsaunukan Nowe, ƙanƙarar da ke narkewa a 'yan shekarun nan ta fito da ɗaruruwan sanduna masu tsawon kimanin mita ɗaya, kowace an ɗaure mata siririn ɓallin katako a ka wanda iska ke kaɗawa, an kafa su a jere don su yi aikin da inuksuit ke yi. Katako yana ruɓewa, dutse yana zama, saboda haka abin da ya iso gare mu kaso ne kaɗan na abin da aka gina.

Siffar ginin tana iya faɗar irin makamin da ke hannun maginin, kuma wannan na daga cikin bincike mafi gamsarwa a fagen. Max Friesen na Jami'ar Toronto ya nazarci layukan farauta a Iqaluktuuq, kusa da garin Cambridge Bay a tsibirin Biktoriya, ya ga sun kasu gida biyu. Wasu suna da layukan duwatsu a haɗe, mashigarsu ƙunci ce ta mita kaɗan, maɓoyansu kuma masu kauri ne. Wasu kuwa tsibi-tsibi ne a warwatse, mashigarsu mai faɗi, ramukan maharba marasa zurfi. Bayanin da ya bayar a 2013 shi ne cewa na farkon aikin mutanen Dorset ne, waɗanda suka riga kakannin Inuit zama a yankin, kuma ba a samun kwari da baka a kufansu, don haka dole dabbar ta wuce dab da mai mashi, kusan ya taɓa ta da hannu. Na biyun aikin kakannin Inuit ne da suka iso daga Alaska wajen ƙarni na 13 da baka mai ƙarfi, waɗanda ya ishe su dabbar ta shigo inda kibiya za ta kai. Idan aka riƙe wannan a zuciya aka koma Drop 45, faɗin nan na mita 8 da lungun da ke ƙarshensa sun zama abin fahimta, domin shekara 9,000 da suka wuce mutanen yankin manyan tafkunan da mashi suke farauta, baka bai iso musu ba sai bayan dubban shekaru.

Yadda wurin farauta ya koma ƙasan tafki kuwa, labarin ƙanƙara ne. Tulin ƙanƙarar da ya rufe arewacin nahiyar Amurka ya danne ƙasa da nauyinsa, kuma da ya narke ya ja baya, sai ya bar wata mafita a arewa maso gabas da take ƙasa sosai, ruwan ya tsiyaye ta can, tafkin ya sauka da mita masu yawa, a wasu lokuta kusan 100. A wannan zamani, wani zirin tudu na dutsen farar ƙasa, wanda yau ake kira Alpena-Amberley, ya fito fili ya haɗa Mishigan da lardin Ontariyo na Kanada, da ruwa a dama da ruwa a hagu. Sanyin ruwan ya sa zirin ya ci gaba da zama fili mai 'yan bishiyoyi da fadamu a lokacin da daji ke rufe sauran ƙasar, wato irin wurin da karibu ke so, kuma siririyar hanya ce da garke ba shi da wata sai ita. Daga baya ƙasar da aka danne ta rinƙa tasowa sannu a hankali, mafitar ta ɗaga, ruwa ya dawo ya shanye zirin. Ruwan da ya kori mutanen shi ne ya adana aikinsu, domin a tudun da ke kewaye, manoma da masu gina hanyoyi sun kwashe duk wani layin dutse da suka tarar, can ƙasa kuwa babu garma, babu ma laka mai yawa da za ta binne shi.

Tambayar da mai hankali zai yi ita ce: ta yaya aka san hannun mutum ne? Ƙanƙara ma tana jera duwatsu. Tana tura su gaɓar tafki ta bar su a layi, tana zubar da su a kunya-kunya idan ta narke, kuma idon ɗan Adam yana da saurin ganin tsari ko da babu shi, balle a hoton da na'urar sona ta zana daga amsa-kuwwar sauti. Rahoton farko da O'Shea da Guy Meadows suka fitar a 2009, wanda ya ambaci wani layi mai tsawon mita 350, ya dogara ne kacokan kan siffa da kamanceceniya da layukan Inuit, kuma masu shakka suna da hujjar yin shakka a lokacin. Abin da ya canza lissafin shi ne abubuwan da suka biyo baya. Masu nutso sun kwaso ƙasa daga cikin Drop 45 da kewayensa suka tace, suka samu ɓarɓashin dutse guda 11 irin wanda ke faɗuwa idan ana gyara bakin makami, kuma wasu daga ciki a wajen maɓoyan aka same su, inda mai jiran garke zai zauna yana wasa kan mashinsa. An samu gawayi da kututturan bishiyoyi da saiwoyinsu a inda suka tsiro, gwajin kabon ya nuna shekarunsu sun yi daidai da zamanin da zirin yake a bushe. Robert Reynolds na Jami'ar Wayne State ya gina kwaikwayon zirin a kwamfuta ya saki garken karibu na ƙirƙira a kai, aka ga inda hanyoyinsu suke matsewa, kuma Drop 45 yana kan ɗaya daga cikin waɗannan mashigai. Babu ɗaya daga cikin hujjojin nan da ta isa ita kaɗai, amma layi da maɓoya da ɓarɓashin makami da wurin da ya dace, duka a guri ɗaya, sun wuce a kira su haɗari. Ni dai sun gamsar da ni.

Daga fuskar da gine-ginen suka kalla, masanan sun karanto har da lokacin shekara. Drop 45 ba zai yi aiki ba sai ga garken da ke tafiya arewa maso yamma, wato tashin lokacin narkewar ƙanƙara, kuma girmansa yana bukatar mutane da yawa, masu kora da masu suka. Ƙananan maɓoya masu siffar baki buɗe, waɗanda iyali ɗaya ko biyu za su iya amfani da su, da yawansu sun dace da dawowar kaka. Daga nan suka fahimci cewa mutanen suna rarrabuwa iyali-iyali a kaka su tara fata da nama, sannan su haɗu da yawa bayan hunturu su yi farautar taro. Wannan fassara ce, ba ta kai ƙarfin ɓarɓashin dutsen da aka riƙe a hannu ba, amma tana da tushe. Wani abin da aka samu a zirin ya faɗaɗa hoton fiye da zato: ƙananan ɓallaye biyu na obsidiyan, baƙin dutse mai ƙyalli kamar gilashi da aman wuta ke haifarwa, waɗanda binciken sinadarinsu da aka wallafa a 2021 ya nuna daga tsakiyar jihar Oregon suka fito, nisan kimanin kilomita 4,000. Dutsen ya bi hannu zuwa hannu ne ya ratsa nahiya, abin da ke nuna maharban zirin ba a yanke suke daga sauran jama'a ba.

Tantancewar ta fi wuya a Tekun Baltik. A kakar 2021, Jacob Geersen na Jami'ar Kiel yana koya wa ɗalibai aikin sona a gaɓar Jamus, kimanin kilomita 10 daga garin Rerik, sai na'urar ta nuna wani dogon layi a zurfin mita 21. Da aka auna, tsawonsa mita 971 ne, duwatsunsa 1,673, tsayinsa bai kai mita ɗaya ba a mafi yawan wurare. Kusan 300 daga ciki manya ne da ba a ɗagawa, mafi girmansu ya haura tan 11, sauran kuwa ƙanana ne da mutum zai ɗauka, an jera su sun haɗa manyan kamar yadda ake haɗa tsakiya a zare, kuma a kan manyan ne layin yake sauya fuska. Wannan tsari shi ne babbar hujjar cewa mutane ne suka yi shi, domin ƙanƙara ba ta zaɓar ƙaramin dutse ta cike gurbi tsakanin manya biyu. Masanan, a rahotonsu na 2024, sun kira shi Blinkerwall, suka nuna cewa teku ta rufe wurin kimanin shekara 8,500 da suka wuce, kuma layin yana bin gefen wani tsohon tafki ko fadama. Daga nan suka yi lissafi: manoma ba su iso yankin ba tukuna, babbar dabbar garke da ake da ita ita ce karibun Turai, ita kuma ta bar yankin da daji ya rufe shi, saboda haka ginin ya haura shekara 10,000. Lissafin yana da kyau, kuma akwai abin da ke mara masa baya, domin a Stellmoor kusa da Hambag, Alfred Rust ya tono ragowar dabbobin nan kimanin 650 da kibiyoyin katako kusan ɗari a shekarun 1930, a gefen wani tsohon tafki. Amma a lura cewa shekarun katangar an ciro su ne daga amfanin da aka zata mata, amfanin kuma daga kamanninta. Cewa ginin mutum ne, hujja ta yi ƙarfi. Cewa na farautar karibu ne, shi ne bayani mafi dacewa, wanda zai tabbata ranar da aka tono kan kibiya ko ƙashi a lakar da ke ƙarshen layin.

Akwai haɗari guda a dogaro da misalin Inuit wajen fassara duwatsun da suka girme su da shekara dubu takwas, a wata ƙasa dabam, a hannun mutanen da ba su da dangantaka da su. Abin da ya halatta kwatancin shi ne dabbar, domin halinta bai canza ba, kuma duk wanda ya zauna da ita tsawon lokaci zai gano abu ɗaya. Shi ya sa maharban hamadar Jodan da Saudiyya, waɗanda ba su taɓa ganin karibu ba, suka gina dubban dogayen katangu masu haɗuwa don kama barewa. Amma kwatancin ya tsaya a kan dabara, bai kai ga zamantakewa ba. Layi ɗaya yana iya ciyar da iyalai biyar, yana kuma iya ciyar da kasuwa. A Sumtangen da ke tudun Hardangervidda na Nowe, a rabin ƙarshe na ƙarni na 13, an kora dubban dabbobi cikin tafki aka kashe su daga jiragen ruwa, kuma yawan ƙasusuwan da aka bari ya wuce bukatar mazauna tsauni, abin da ya sa masana suke danganta shi da cinikin fata da ƙaho a garuruwa irin su Bergen, inda ake sassaƙa ƙahon a yi matsefi.

Bindiga ce ta kawo ƙarshen yawancin layukan, domin mai bindiga ba ya bukatar dabba ta zo kusa, ba ya kuma bukatar mata da yara su yi masa kukan kyarkeci. Sanin bai mutu ba duk da haka. Har yau dattawan Inuit da Gwich'in suna hana a harbi dabbobin da ke jan gaba, domin in aka juya su, garken duka zai sauya hanya, kuma a mashigan kogi akwai tsoffin ƙa'idoji game da inda ake kafa tanti da inda ake zubar da ƙashi don kada wari ya kori garken baɗi. Masu binciken Tafkin Huron da kansu sun gayyaci mafarautan gargajiya daga Alaska suka shiga kwaikwayon zirin a kwamfuta, suka nuna inda su za su laɓe in da su ne.

Wannan sani yana da amfani na gaggawa a yau, domin garkunan suna raguwa. Rahoton hukumar kula da teku da sararin sama ta Amurka na 2018 ya nuna cewa karibu masu ƙaura sun sauko daga kimanin miliyan 4.7 zuwa miliyan 2.1 cikin shekara ashirin. Garken Bathurst na arewacin Kanada, wanda ya kai kimanin 470,000 a 1986, an ƙidaya shi 6,240 a 2021. Dalilan suna da yawa kuma sun cuɗanya: hawa da saukar da garkuna suka saba yi tun asali, ruwan sama da ke zuba kan dusar ƙanƙara ya daskare ya rufe abinci, yawaitar ƙwari a lokacin ɗumi, farauta, da ayyukan haƙar ma'adinai. A cikin waɗannan, hanyoyin mota da bututun mai su ne suka fi kusa da batunmu, domin su ma layuka ne da aka shimfiɗa a kan hanyar garke, masu tudu, masu ƙura da motsi, kuma sun fi kowane layin inuksuit tsawo. A arewa maso yammacin Alaska, an bi sawun dabbobin da aka rataya wa na'urar nuna wuri a wuya yayin da suka iso hanyar da ke zuwa mahaƙar Red Dog a tashin kaka. Da yawa sun tsallaka ba tare da jinkiri ba, amma wani kaso daga cikinsu ya tsaya, ya juya, ya rinƙa kai da kawowa a arewacin hanyar, kuma waɗannan sun yi kimanin wata guda kafin su ƙetara su bi sauran garken zuwa kudu.